Garayar da Aka Bari a Kan Tabarma

Gummi, Litinin, 6 ga Satumba

Zuwa ga ɗana, Dakta Nazifi, a Anka.

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya. Yau jikin da dama, sai ƙafa da ke kumbura. Tunda an katse layin waya, zan ba Manu direba wannan takarda.

Tsoro nake ji, Nazifi. Ranar Asabar na fito daga masallacin da na yi shekara arba'in ina salla a ciki, na rasa hanyar gida. Na tsaya bakin rijiya har Umaru maƙwabcina ya zo ya kama hannuna. Jiya kuma na ƙwala wa matata A'isha kira ta kawo ruwa, ina faɗa don ta daɗe. Shekararta shida a kabari. Ni da na koyar da lissafi a firamare har na yi ritaya, yanzu raka'a huɗu suna kuɓuce mini.

An ce aikinka binciken ƙwaƙwalwa ne. Ka zo ka duba tawa, kada ka ɓoye mini kome.

Akwai wani abu. Garayar da ka koya wurin mafarautan Gwashi, wadda na karya a gwiwata kana ɗan shekara goma sha biyu, kiɗanta ya dawo mini a kai, ba ya fita. Ko alhakinka ne?

Kawunka, Ishaq.

Anka, Juma'a, 10 ga Satumba

Kawu, Allah ya ƙara maka lafiya.

Wane alhaki? Da ba ka karya ta ba, da yanzu ina bin mafarauta daji, ba jami'a ba. Na sayi wata tun ina Zariya, da ita na tafi Turai, kuma a kanta na yi digirina na uku: yadda ƙwaƙwalwa ke ajiye kiɗa. Turawa sun biya kuɗin zama sun saurare ni, Kawu, kai ka samu kyauta ta bayan katanga ka raina.

Tun shekarar da gubar dalma ta kashe yara a Dareta nake dawowa nan, ina bin waɗanda suka rayu. Akwai Basma, wadda maganarta ta ɗauke tana 'yar shekara uku. Da bugun garaya muka fara jawo kalmominta ɗaya ɗaya. Yanzu Innarta cewa take, “Likita, ka buɗe bakin, zo ka rufe.”

Kiɗan da kake ji ba hukunci ba ne. Ma'ajiyarsa daban take da ta sunaye da hanyoyi, kuma ta fi jure ciwo. Ina nan zuwa ranar Alhamis idan hanyar Bukkuyum ta yi kyau. Kada ka fita kai kaɗai.

Ɗanka, Nazifi.

Gummi, Alhamis, 16 ga Satumba

Kawu,

A ɗakinka nake rubuta wannan, kana barcin bayan azahar. Na zo. Tun hantsi muke tare.

Da na yi sallama ka ce, “Kai ne mai gyaran rediyo?” Na ce ni ne Nazifi. Ka ce, “Nazifi yaro ne, wanga ƙato da furfura fa?” Na ba ka kalmomi uku ka riƙe, na dawo kansu bayan mun sha fura, babu ko ɗaya. Ka kama rigata, ka ce, “Mi ke cin kaina?”

Ka ce kada in ɓoye. Ciwon mantuwa ne, kuma zai ƙaru. Babu maganin da ke warkar da shi, akwai mai rage masa gudu. Ban taɓa jin nauyin faɗin wannan ba irin na yau.

Amma da na ɗauko garaya, ka bi kiɗan nan da baki daga farko har ƙarshe. Har ka tsayar da ni ka ce, “A'a, nan ka yi sauri.” Gaskiyarka ne kuwa. Shekara talatin ina kuskure a wurin.

Dole in koma kafin la'asar saboda hanya. Nan da mako biyu zan zo in ɗauke ka, ka zauna wurina. Umaru ya sani. Na bar maka garayar, wannan takarda tana ƙarƙashinta. Duk lokacin da ka yi shakka, ka karanta: na zo.

Ɗanka, Nazifi.

Gummi, Juma'a, 17 ga Satumba

Ɗana Nazifi,

Bayan gaisuwa. Yau jikin babu daɗi, ban iya zuwa masallaci ba.

Hankalina a tashe yake. Ko 'yan bindiga sun tare ku a hanyar Bukkuyum? Umaru ya rantse wai ka zo ka tafi. Na san don kada in firgita yake faɗa. Idan wani abu ya same ka, ni na kira ka.

Wani ya manta garaya a kan tabarmata. Akwai takarda a ƙasanta, ban ga tabarauna ba, kuma ba na karanta takardar mutane. Na taɓa tsirkiyar kaɗan. Ban karya ta ba.

Na sa an dama fura jiya, tana nan a rufe. Na zauna a zaure har aka kira magariba. Ba ka zo ba.

Kawunka, Ishaq.