Ƙwallon da Ya Nutse a Randarki

Ya Hwefa, gishirin miyata, inuwata a rana tsaka, wuƙar da ke juyawa a ƙirjina!

Da hannun hagu nake rubuto miki, don na dama yayanki Sosu ya karya shi da filafilin tuƙa jirgi. Haƙorana biyu suna can cikin laka, bayan bukkar da kike dafa gishiri. Yana jibgata yana cewa, "Kai ɗan kamun kifi, uban wa ya aike ka randar ƙanwata?" Wallahi ba dukan ne ya ƙona ni ba. Ke nake kallo, kin juya mini baya.

Kin tuna ranar da na fara tsayawa a kanki? Kin kankaro ƙasa mai gishiri a bakin tafki, kin zuba mata ruwa kin tace a kwando, kika jefa ƙwallon kwakwar manja a ruwan, ya taso yana rawa. Kika ce in ya taso ruwa ya isa dafawa, in ya nutse asarar itace ce. Ban ji rabin bayanin ba, bakinki nake kallo!

Shi ya jawo wautar. Na ga randarki rabi, na ga wuyanki ya gaji da ɗauka, na ce wane ruwa ya kai teku gishiri, tekun da ke cin fatata tun ina yaro? Na ɗebo tulu shida na cika miki, ina ta murna. Ina zan san ruwanki ya ninka na teku ƙarfi? Kika jefa ƙwallo, ya yi ƙasa kamar dutse. Aikin kwana tara ya salwanta, ga damina a ƙofa! Kika ce aikin maƙiyi ne. Ni, Hwefa? Ni ne maƙiyin? Gara igiyar ruwa ta farfasa kwalekwalena, ta watsa ƙasusuwana a rairayi, da in sake jin kalmar nan a bakinki.

Yau kwana goma sha ɗaya ina kankarar ƙasa da hannu ɗaya, gishiri na cin raunukana, mata na yi mini dariya. Randata ta cika da ruwan da na tace miki, amma ban gwada ba, wannan ba hurumina ba ne. Ƙwallonki da na tsamo ranar yana wurina.

Ki zo gobe da hantsi ki jefa shi da hannunki. Ki taho da Sosu da filafilinsa. In ya nutse, ga hannun hagun.

Naki har kabari, ko ya taso ko ya nutse,
Dansu