Tatsuniyar da kika bar mini

Zuwa ga Zule, matata,

Bayan gaisuwa, ko da yake na san ba mai miƙa miki wannan takarda. Ina rubuta ta a Tamanrasset, nan ƙasar Aljeriya, jingine da buhunan siminti, kafin a kira mu sauke wata mota. Yau wata huɗu da aka kai ki makwanci, ban zuba miki ko tafi ɗaya na ƙasa ba.

Yara suna wurin Inna. Gulbi ya cika bana har ya ci katangarmu ta gabas. Gero ya yi dama-dama, wake kuwa tsutsa ta raba da mu. Sani ya shiga lakwal karatun boko, an ce kullum sai an ja shi yana kuka. Akuyarki ta haifi biyu, ɗaya bai kwana ba.

Jummai ce ta sa na ɗauki alƙalami. Makon jiya ta ari salular ƙanena ta aiko mini da murya. Na zaci takalmi za ta roƙa. Ashe so take in ƙarasa mata tatsuniyar shamuwa, wai kin tafi ba ki kai ƙarshe ba.

Wace shamuwa, Zule? Sai da na tambayi Inna.

Ta ce tun shekarar da rumbu ya ƙare kafin a yi shuka kika fara. In rana ta take, lokacin da ya kamata a dama fura, ga shi ba abin damawa, sai ki zaunar da su ki ɗauko labari. Wai wata shamuwa ta bar 'ya'yanta a kan tsamiyar bakin tabki, ta tafi ɗauko musu damina. Iska ta fige mata fukafukai a hanya. Kowace rana gashi ɗaya yake tsirowa, su kuma 'ya'yan suna raba fara guda ba faɗa. Inna ta yi ta yi miki faɗa, ta ce mai tatsuniya da rana ɓacewa yake yi. Ba ki ji ba. Ke dai ba ki ɓace ba, kowa a Madarunfa ya san inda kike kwance. Ni ne aka nema aka rasa.

Na yi fushi da ke, ba zan ɓoye ba. Wa ya sa ki? Kin mai da ni tsuntsu mai uzuri, alhali cin rani na ce zan je, ga damina biyar sun wuce ni. Ni ma ai tatsuniya kika yi ta yi mini. Duk kiran da na yi, lafiya lau. Tarin nan kika ce mura ce, har aka ɗora ki a amalanke zuwa gidan likita ban sani ba. Me ya hana ki ce mini in zo?

Amma in na faɗi naki, dole in faɗi nawa. Ban tambaya sau biyu ba, don ina tsoron amsar. Kuma sau biyu na samu motar gida. Na farko an hana mu ladanmu, na ce ba zan shiga gari hannu wofi ba. Na biyu ba wanda ya cuce ni. Kunya ce kawai: Idi maƙwabcinmu ya koma da babur, ni sai jaka. Ke kuwa da bakinki kaɗai kika hana yara biyu su tsani ubansu. Ban san abin da zan yi da ya wuce wannan ba, da ni ne a wurinki.

Na kwana uku ina ƙoƙarin ƙirƙiro ƙarshe mai daɗi. Ban iya ba, ba ni da bakinki. Jiya na danna salula na gaya wa Jummai gaskiya: fukafukan lafiyarsu lau, babanta ne ya ji kunyar dawowa. Shekararta tara, Zule. Ƙanena ya ce ta saurara har ƙarshe, ta miƙa masa salular, ta ɗauki tulu ta tafi rijiya. 

Ko na rushe abin da kika gina? Wataƙila. Ki yafe mini.

Ranar Asabar akwai motar da za ta yi Agadas, na ba da sunana. Abin da zan shigo da shi gida bai wuce abin da na fita da shi ba. Ban san ko Jummai za ta taryo ni ba. In ta juya mini baya, tana da gaskiya, zan zauna a ƙofar gida har ta gaji.

Allah ya sanyaya makwancinki. Sai na iso.

Mijinki da ya makara,
Mamman