Muryar da Zayyanu Ya Goge

Daga: Hajiya Sabuwa Basiru Ɗanbala,
Babbar Unguwarzoma,
Unguwar Nasiriya, Riyad.

Zuwa ga: Alhaji Lukman Dawuda,
Shugaban Kwamitin Sulhu da Ladabtarwa,
Ƙungiyar 'Yan Arewa Mazauna Riyad.

Lahadi, 8 ga Muharram 1438 (9 ga Oktoba 2016)

Ranka ya daɗe,

GAME DA: CIN AMANA DA RIƘE KASET ƊIN MARIGAYI MAIGIDANA DA ZAYYANU ABDU YA YI

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta girmamawa gare ka da sauran dattawan kwamiti, ina neman izinin kawo ƙarar wani ɗan ƙungiyarmu, Zayyanu Abdu, wanda har zuwa watan jiya yake gyaran waya a wani lungu a unguwar Gubaira, yake kuma kiran kansa Injiniyan Sauti. Ban san makarantar da ta ba shi wannan muƙami ba. Na ba shi amanar kaset guda ɗaya, ya hana ni. Na kuma samu tabbacin cewa kafilinsa, wato Balaraben da ya tsaya masa a kan zamansa a nan, ya buga masa bizar fita ta ƙarshe, zai bar ƙasar nan ranar Alhamis 20 ga Oktoba. Idan ya hau jirgi kafin kwamiti ya kira shi, na rabu da kaset ɗin ke nan.

1. Asalin kaset ɗin. Maigidana, marigayi Injiniya Basiru Ɗanbala (dolen takarda ce ta sa na rubuta sunansa), ya yi karatu a birnin Leeds na Ingila. A lokacin an yi mana baiko, ina gidanmu a Kazaure. Mutum ne mai ƙyuyar rubutu, saboda haka kaset yake cikawa da magana ya ba ɗaliban da za su dawo gida su kawo mini. A watan Nuwamba 1980 abokansa suka ja shi kallon wasu makaɗan Turawa masu jita, irin kiɗan da suke kira rok. Ya ɓoye rikoda cikin rigar sanyi ya shiga da ita, ya ɗauki wasan daga farko har ƙarshe, yana ba ni labarin abin da idonsa yake gani. Tsakanin waƙa da waƙa sai a ji ya matso da baki ya ce: “Sabuwa, kina ji? Wannan mai jitar gashinsa ya fi naki tsawo, amma ko mai bai sani ba.” Ya yi ƙorafin sanyi, ya ce mawaƙin ramamme ne kamar bai taɓa cin tuwo ba, ya roƙe ni kada Baba ya ji kaset ɗin, ya kuma roƙe ni in jira shi. Na jira shi. Ba zan rubuta sunan makaɗan ba, don darajar ofishinka. Na san akwai dattawan da za su ce me ya haɗa Hajiya da kiɗa. Ban zo neman fatawa ba, ranka ya daɗe. Ni kiɗan nan a kunnena da shi da ƙarar maƙera duk ɗaya ne. Mai maganar nake saurare.

2. Yadda ya shiga hannun Zayyanu. Allah ya yi wa maigidana rasuwa a nan Riyad a shekarar 2014. Daga baya rikodarmu ta fara cin zaren kaset, na ji tsoron saka shi. Abokiyar aikina Malama Rekiya ta ce akwai yaro a Gubaira da yake juya kaset zuwa faifai. Ranar Asabar 14 ga Mayu 2016 muka ɗauki mota ni da ita muka je. Na tarar da saurayi mai gashin baki kamar an ɗiga da alƙalami, da abin saurare rataye a wuya ko ba a kunna komai ba. A gaban Malama Rekiya na gaya masa abin da ke cikin kaset ɗin da wanda ya yi maganar. Na ce ya juye shi yadda yake, kada ya ƙara, kada ya rage. Ya dafa ƙirji ya kira ni Mama, ya ce ma fi mushkila, ba wata damuwa. Ashe kura na ba ajiyar nama.

3. Abin da ya miƙo mini. Sai ana jajibirin ƙaramar Sallah ya aiko da faifai a leda, ba kaset. Ya yi wa faifan bango mai launi da sunan kansa ɓaro-ɓaro. Ranar Sallah, 6 ga Yuli, na tara 'yata Sumayya da mijinta da jikokina uku a falo. Yaran nan a Riyad aka haife su, Larabci ya fi zama a bakinsu, ƙaramar cikinsu kuwa ba ta tuna kakanta ba. Na ce musu yau za su ji shi yana saurayi. Aka kunna. Kiɗa ya fito tar, ganga kamar a tsakar ɗaki ake buga ta. Waƙar farko ta ƙare na ɗaga hannu na ce su yi shiru, ga shi nan. Sai tafi kawai, aka shiga ta biyu. Na ce wataƙila a ta gaba. Haka muka zauna, ni dattijuwa da jikoki, ranar Idi, muna sauraren Turawa suna kururuwa har faifan ya ƙare. Ƙaramar ta tambaye ni da Larabci ina kakan nata. Na tashi na shiga kicin. Ina sanar da kwamiti cewa ban taɓa jin kunya da ciwon rai a lokaci guda irin na ranar ba.

4. Dalilin da ya sa ya yi haka. Sumayya ce ta bincika ta gano. Makaɗan nan sun watse tuntuni, kuma ashe masoyansu na duniya sun daɗe suna neman wasan wannan daren, babu wanda ya ɗauke shi sai maigidana. Zayyanu ya gane haka. Ya zauna da kwamfutarsa ya yanke duk inda marigayi ya yi magana, inda muryarsa ta hau kan kiɗa ya kankare ta, ya toshe guraben da tafin wani taro daban. Sannan ya ɗora a wani dandalin intanet na masoya makaɗan, ya ce shi ya tono wannan taska, shi ya wanke ta. Turawa suka yi ta yi masa kirari, shi kuma yana amsawa ɗaya bayan ɗaya da Turancinsa na gyaran waya. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ko sunan wanda ya sha sanyi ya riƙe rikodar bai ambata ba.

5. Abin da ya rubuta a can, wanda ya fi komai ƙona mini rai. Na karanta da idona, ba fassara aka yi mini ba. Ya ce aikin ya ba shi wahala saboda “surutun wani ɗan Afirka da ke kusa da rikoda”. Ranka ya daɗe, da Bature ne ya rubuta haka da na yi masa uzuri, bai san abin da ake faɗi ba. Wannan yaro Bahaushiya ce ta goya shi. Kowace kalma ya ji ta, ya ji sunana, ya ji mutum yana roƙon a jira shi, ya bi su ɗaya ɗaya ya goge don a ce masa sannu daga Turai. A ƙarshen bayanin har haƙuri ya ba masu saurare, wai akwai wuri guda a waƙa ta bakwai da ya kasa cire dariyar mutumin. Wato dariyar maigidana ce aibin da ake ba da haƙuri a kansa.

6. Ƙoƙarin da na yi kafin in dame ku. Na kira shi, kullum bukra, gobe in sha Allah, goben da ba ta zuwa. Na koma Gubaira a watan Yuli, na sake komawa a Agusta, kuma kwamiti ya san fita ba ta da sauƙi ga macen da ba ta da mai kai ta. A zuwa na biyu ina tsaye aka kira sallar la'asar, ya ja ƙofar shago ya ce ya tafi masallaci. Kowa ya dawo ya buɗe, ban da shi. Ni da Malama Rekiya muka tsaya a bakin titi cikin zafin Agusta har magariba. Ban san iya rakaʼoʼin da ya yi ba.

Da Sumayya ta matsa masa a waya, ya ce juyin farko da ya yi kafin wankewa ya goge shi, wai kwamfutarsa ta cika. Kaset ɗin kuwa, in ji shi, ya fi ƙarfin durowar tsohuwa, tarihi ne, na duniya ne, kuma ya yi wa wani Bature a Holan alkawarin aika masa don a adana. Ya ƙara da cewa kamata ya yi in gode masa, domin ya fi yadda na ba shi kyau. Ban taɓa ganin mutumin da zai yi kyauta da kayan marayu ya kuma nemi godiya ba sai shi.

Saboda haka nake roƙon kwamiti mai daraja:

(a) Ya kira Zayyanu Abdu cikin wannan mako, ya zo da kaset ɗin a hannunsa, ba alkawari ba. Kaset ɗin baƙi ne, a cikin kwanson da ya tsage a gefe, da sunana a rubuce da jan biro.

(b) A kunna kaset ɗin a gaban dattawa biyu kafin a sallami Zayyanu, don a tabbatar bai taɓa zaren ba.

(c) Kada a ba shi takardar shaidar kyakkyawan zama da ƙungiya take ba masu komawa gida, kada kuma a yi masa walimar bankwana, sai ya cika wannan.

(d) Idan ya riga ya aika da shi, ya ba da sunan Baturen da adireshinsa a rubuce. Zan roƙe shi da kaina.

Abin da ya ɗora a intanet ban damu a sauke shi ba. Su ci gaba da sha'aninsu, shi ma ya riƙe kirarinsa ya tafi da shi gida, wataƙila ya yi masa amfani.

Ranka ya daɗe, kai ka tsaya a sahun gaba ranar da aka yi wa maigidana sallah, ka kuma san inda aka kai shi. Ni ban sani ba. Maƙabartar garin nan ba a sa suna a kabari, mata kuma ba sa shiga. Na taɓa sa direba ya tsaya da ni a bakin katangar, na yi addu'a ina kallon bulo. Ba ni da kabarin da zan nuna wa jikokina, kuma shekaru biyu ke nan na fara kasa tuno yadda yake kiran sunana. A cikin kaset ɗin nan ne kawai yake kira.

Ina fatan kwamiti zai duba wannan ƙorafi kafin ranar 20 ga wata. Malama Rekiya da 'yata Sumayya a shirye suke su ba da shaida duk lokacin da aka neme su. Allah ya ƙara wa Shugaba lafiya da adalci, ya sa ku gama lafiya.

Taku cikin ladabi da biyayya,

(sa hannu)
Hajiya Sabuwa Basiru Ɗanbala