Tsinken Baba da Birkin Babur

Kafanchan,
Litinin, 25 ga Agusta, 1975.

Zuwa ga Yayana Jonathan,

Ina gaishe ka cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu, tare da fatan wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Yaya Hellen da yara. Muna tunawa da ku kowace safiya a addu'ar gida. Allah ya kiyaye shigarka da fitarka a Ikko, ya sa albarka a aikinka. Mu a nan muna lafiya. Ruwa ya yi yawa bana, masarar bayan gida ta nuna har mun fara gasawa, accar Mama kuma ta yi kyau. Ciwon gwiwar Baba yana nan, yakan tashi in gari ya yi sanyi, amma ba ya yarda a ambace shi. Takardar wurin aiki da nake jira ba ta iso ba, saboda haka ina gida.

Yaya, maganar da ta sa na rubuto ta babur ɗin Baba ce, kuma akwai gaggawa a cikinta. Ka karanta har ƙarshe kafin ka yi fushi da ni. A takardata ta ƙarshen Yuli na ce takalman birkin da ka aiko sun iso, muna godiya. Sun iso ɗin, amma ban gaya maka cewa sun ƙi shiga ba. Na yi shiru ne don ina tsammani zan gyara al'amarin ba tare da ka ji ba.

Ka san ranar Lahadi, 14 ga Satumba, za a keɓe sabuwar majami'ar ƙauyen nan na bayan Fadan Kagoma, inda Baba ya yi shekara goma sha biyu yana bishara kafin ya sami babur. Dattawan ikilisiya sun roƙe shi ya buɗe ƙofa da hannunsa, ya kuma yi musu alkawari zai zo da Mama. Mota ba ta wuce Fadan Kagoma da damina. Daga nan sai ƙaramar hanya ta mil biyar, kuma a mil na huɗu akwai gangaren nan mai santsi da ke sauka zuwa rafi. Kai ma ka taɓa faɗuwa a wurin da keke. Nan ne Baba yake so ya sauka da Mama a bayansa, da birkin gaban da ni na san ba shi da kyau.

Ga yadda abin ya faru. Ranar 30 ga Yuni, da Gregory makanike ya ce takalman birkin gaba sun ƙare, Baba ya yi abin da ya saba yi. Ya zaro tsinke daga tsintsiyar Mama, ya sa shi a cikin kwanon ƙarfen da ke tsakiyar ƙafar gaba, wanda takalman ke zama a ciki, ya karya shi daidai faɗin kwanon. Ya ba ni, ya ce in sa a ambulan in aiko maka. Haka yake aika awon komai tun muna yara, har takalmin makarantarmu. Ni kuwa na ji kunya. Na ga kamar bai dace a ce wanda ya gama jami'a wata ɗaya da ya wuce ya aika tsinke zuwa Ikko ba, ka shiga shago da shi ana kallonka. Sai na ɗora shi a kan rula, na sami inci bakwai cif. Da yake yanzu ana ta cewa ƙasa ta koma awon mita, na juya shi ya zama milimita 177.8. Na tuna takardar kayan babur da na taɓa gani a kasuwa, inda awon ke tafiya 160, 180, 200. Na ce a raina babu mai sayar da 177.8, mafi kusa shi ne 180. Shi na rubuta maka. Tsinken kuma na jefar da shi a murhu.

Babur ɗin Baba ƙirar Ingila ne, da inci aka yi shi. Takalman da aka ba ka na masu kwaikwayo ne, an yi su da awon mita don baburan zamani. Bambancin milimita biyu ne da ɗigo biyu. A takarda ba a bakin komai yake ba, amma Gregory ya yi awa biyu ranar 25 ga Yuli yana fama, sun ƙi zama. Tsofaffin kuwa ɗaya ya rabu biyu lokacin cirewa, Gregory ya zuba su cikin tarkacen ƙarfe, maƙera sun kwashe.

Ba na so in ɗora wa shagon da ka sayi kayan laifin da ba nasu ba, amma suna da nasu. A jikin kwalin an rubuta cewa kayan suna shiga kowane babur mai matsakaicin girma, har da jerin sunaye goma sha ɗaya, kuma irin na Baba ne na tara. Da wannan na tafi reshensu na nan bakin kasuwa ranar 26 ga Yuli. Mai kula da wurin sunansa Bartholomew, mutum mai fara'a, yana ta kirana Malam Digiri. Ya ce tunda a Ikko aka saya, Ikko ce za ta karɓa. Na nuna masa rasit mai sunan shagonsu, sai ya ce kwalin da aka buɗe ba ya komawa. Na tambaye shi ta yaya mutum zai san kaya bai shiga ba in bai buɗe kwali ba. Ya yi dariya, ya ce wannan tambaya ta manaja ce, manaja kuma ya tafi Jos. Na koma ranar 31 ga Yuli, manaja bai dawo ba. Na koma ranar 5 ga Agusta, aka ce ya dawo ya sake tafiya. A ranar Bartholomew ya ce mini shi bai ga abin wahala ba, duk garin nan haka ake yi, in kaya ya yi girma sai a goge shi, in ya yi kaɗan sai a cusa gwangwani. Ya ce kayansa lafiyarsu ƙalau, babur ɗin ne ya tsufa, in lallashi Baba ya zo ya ga sababbi. Washegari na rubuta wa babban ofishinsu takarda shafi biyu, da awo da zane. Amsa ta zo ranar 18 ga Agusta: kati ne bugagge, yana gode mini da na zaɓi kayansu. Ko sunana ba a cike ba.

Kafin katin ya zo haƙurin Baba ya ƙare. Ranar 12 ga Agusta ya tura babur da kansa zuwa wurin Gregory, ya ce a goge takalman. Gregory bai so ba, ya gaya mini haka daga baya, amma ya ce shi ba zai iya musu da mutumin da ya yi masa baftisma ba. Ya sa magagari ya ci fatar birkin har takalman suka shiga. Na duba su kafin ya rufe. Gugar ba ta yi daidai ba, gefe ɗaya ya fi ɗaya kauri, kuma kawunan ƙusoshin da ke riƙe da fatar sun kusa fitowa. Na kai babur filin ƙwallo na gwada birkin gaba shi kaɗai sau shida, ina gudun mil ashirin a awa. A busasshiyar ƙasa ya tsaya bayan taku goma sha tara, da ashirin da ɗaya, da ashirin. Na zuba wa ƙafar ruwa bokiti ɗaya, kamar wanda ya ratsa kududdufi. Sai ya zama taku talatin da huɗu, da talatin da bakwai. A na shida ƙafar ta cije gaba ɗaya, na tsinci kaina a ƙasa, gwiwar hannuna ta goge. Ni kaɗai ne a kai, a fili shimfiɗaɗɗe.

Na kai wa Baba lambobin a rubuce. Ya sa tabarau ya karanta su duka, ya miƙo mini takardar, ya ce shekara goma sha shida yana hawan babur ɗin nan bai taɓa ƙirga taku ba. Ya ce akwai birkin baya, akwai ƙafafunsa biyu, akwai kuma Wanda ya aike shi. Na ce birkin baya shi kaɗai zai ja su a laka, ga nauyin mutum biyu. Ya ce in na gama koya masa tuƙi in zo in koya masa wa'azi.

Ranar Laraba da ta wuce, da ya tafi taron addu'a na yamma, na kwance ƙafar gaban gaba ɗaya, na ɗora babur a kan bulo biyu. Mama ce ta buɗe mini rumbun acca na sa ta a ciki. Ta ce in juya ta kada mai ya taɓa hatsi. Da Baba ya dawo ya daɗe a tsaye yana kallon babur. Bai ɗaga murya ba, ka san halinsa. Ya daina cin abinci tare da ni. Da safe a addu'ar gida ya roƙi Allah ya gafarta wa ɓarawon ƙafar babur, ya kuma ba shi hankali daidai da takardarsa. Mama ta ce amin da ƙarfi. Kwana huɗu muka yi haka. Ranar Asabar na ji yana tambayar Gregory ko akwai wanda zai ba shi aron ƙafar gaba, ko ta wane irin babur ce, a ɗaura. Wannan ya fi ba ni tsoro.

Duk wannan lokaci Baba yana ganin kai ne ka yi sakaci. Sau biyu na ji ya ce wa Mama ya aika wa Jonathan awo daidai, amma Ikko ta sa shi gaggawa, bai tsaya ya gwada tsinken ba. Ina zaune a wurin na yi shiru. Yaya, wannan ne ya fi damuna a cikin duka, kuma ina roƙonka gafara.

Jiya bayan sujada na same shi a ƙarƙashin mangwaro, na durƙusa na gaya masa komai, daga rula har murhu. Na zaci zai yi faɗa. Ya tambaye ni abu ɗaya kawai, wai nawa ne bambancin. Na ce milimita biyu da ɗigo biyu. Ya ce in nuna masa da yatsa. Na nuna, bai kai kaurin ƙwayar dawa ba. Ya ce in je in ɗauko ƙafar daga inda ni da uwata muka ɓoye ta, domin tun ranar Alhamis yake jin warin girisi a kununsa. Na kawo. Ya sa na buɗe kwanon, ya aika Mama ta kawo tsintsiya, ya zaɓi tsinke mai kauri, ya gwada, ya karya, ya sake gwadawa har sau uku. Sa'an nan ya ce ya yarda, ba zai hau babur ɗin da wannan birki ba, ba don lambobina ba, sai don Mama. Amma ya ce alkawari yana nan. In kayan ba su zo ba, zai shiga mota zuwa Fadan Kagoma ranar Asabar 13 ga wata, ya taka sauran mil biyar ɗin da ƙafa kamar yadda ya yi shekara goma sha biyu. Yaya, shekararsa sittin da takwas, kuma gwiwar nan ba ta kai shi kasuwa sai ya huta sau biyu. Ka san zai yi.

Ga abin da nake roƙo. Kawu Obadiah zai biyo jirgin ƙasa na gobe Talata, shi zai kawo maka wannan takarda hannu da hannu. Zai baro Ikko ranar 9 ga Satumba, ya iso nan ranar 11, Gregory kuma ya ce rabin yini ya ishe shi. In aka rasa wannan jirgi, babu wani kafin ranar. Kada ka ɓata lokaci a shagon farko, kada kuma ka yarda da abin da aka rubuta a kwali. Ka nemi masu sayar da tsofaffin kayan baburan Ingila. Ko wanda aka taɓa amfani da shi ne, in fatarsa na da kauri, ya fi sabon da bai shiga ba. Ka sa su haɗa takalman biyu yadda suke zama, ka ɗora tsinken a tsakiya daga baki zuwa baki. In sun ɗara shi ko da ƙanƙani, ka bar su. In ka samu, ka buga waya ta gidan waya, wato telegiram, da kalma ɗaya, don in iya barci.

Ka gai da Yaya Hellen da kyau, ka ce Mama ta aiko mata da citta da ɗan garin acca ta hannun Kawu. Ka gai da Edna da Paulina, ka ce musu ina ajiye da littafin da na yi musu alkawari. Inna Afiniki tana gaishe ku, ta ce ba ta ga hoton da aka ce za a aiko ba. Mama tana sa muku albarka. Baba ya ce in gaya maka ya janye maganar da ya yi a kanka, ko da yake ba ka ji ta ba.

Tsinken yana cikin ƙaramar gorar da ke ɗaure da wannan ambulan, an toshe bakinta da auduga don kada ya karye. Baba ne ya sa shi da hannunsa, ya ce ba zai tashi daga nan ba sai ya ga na liƙe takardar na miƙa wa Kawu. Yana zaune a gabana yanzu. Ban auna shi ba, Yaya. Kai ma kada ka auna. Ka kai shi yadda yake.

Ni ne ƙanenka,
Silvanus.