Shafi na Shida

Daura, 6 ga Maris

Zuwa ga ɗana Zakiyyu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da abokan aikinka. Na san za ka ce me ya hana ni kiran waya. Maganar da nake so ta zauna, a takarda nake sa ta, shi ya sa na ba direban motar Kano wannan.

Ka san Dabo na Mai'adua, mai riƙe wa mutane kiwo. Shekaranjiya bijimai biyu suka mutu a hannunsa, cikinsu ya kumbura kafin a yi wani abu. Ya ce saƙonka ya bi, wanda kuke turo wa makiyaya a waya, inda ka ce a jiƙa takin yuriya a ruwa, a yayyafa wa yankakken karan dawa, a ba shanu. Ran Lahadi ya tare ni da maganar a kasuwar shanu, tun da ni na yi ta gaya wa mutane su ba da lambobinsu. Raina ya ɓaci, na ce masa a gaban jama'a hannunsa ne ya yi nauyi wajen zuba takin, ɗana ba ya faɗin abin da bai tabbatar ba.

Amma ka san mu, ba ma karɓar magana sai mun ji wa ya faɗa, shi kuma daga wa ya ji. To wannan maganar, daga wa ka ji ta?

Ka huta lafiya.
Kawunka, Malam Sha'aban

Kano, 9 ga Maris

Allah ya gafarta Malam,

Wa alaikumus salam. Na sami takardarka, na kuma yi jimamin asarar da aka yi. Allah ya mayar da alheri.

Ga yadda aikin yake, Kawu. Masana na jami'o'i suna saka sakamakon bincikensu a intanet kyauta, kowa ya karanta. Manhajar da muka ƙera tana zagayawa tana kwaso duk wanda ya shafi noma da kiwo, yanzu mun tara sama da dubu arba'in. Ita ke tsamo shawarar da ke cikin kowace takarda, mu mayar da ita Hausa, ni kuma in karanta da muryata a tura wa mutane.

Maganar yuriya daga binciken wasu likitocin dabbobi uku ta fito. Sun gwada a kan shanu sittin, ko ɗaya bai yi ciwo ba. Na duba takardarsu jiya, babu kuskure a cikinta.

A gaida su Inna da kowa da kowa.
Ɗanka, Zakiyyu

Kano, 9 ga Maris

Yaya Fadila,

Salam. Ya Sandamu, ya yara, ya makaranta? Ki karanta wannan ke kaɗai.

Yanzu na gama rubuta wa Kawu wasiƙa a kan shanun da suka mutu a hannun Dabo. Babu ƙarya ko ɗaya a cikinta, amma tun da nake ban taɓa jin kunyar wani abu da na rubuta kamar ta ba.

Takardar likitocin shafi goma sha huɗu ce. Manhajarmu shafin farko kawai take karantawa, inda aka taƙaita bayani. A shafi na shida ne suka ce bayan an yayyafa ruwan takin sai a danne karan a rami, a rufe da leda sati uku, a fito da shi ya sha iska, sannan a ba dabba. Har sun ja kunne cewa wanda ya bayar nan take zai iya kashe saniya. Aikina ne in buɗe kowace takarda kafin in ɗauki murya. A satin nan saƙonni suka taru mini, na ga sunan jami'a a sama, na ce ai waɗannan ba sa wasa, na wuce. Jiya ne karo na farko da na buɗe ta.

Dabo bai yi kuskuren komai ba, abin da na faɗa masa ya yi. Na gyara bayanin a kwamfutarmu ba wanda ya sani. Abinci ma ya ƙi shiga. Ki ba ni shawara, amma don Allah kada Kawu ya ji.

Ƙaninki, Zakiyyu

Sandamu, 14 ga Maris

Zakiyyu,

Salamu alaikum. Muna lafiya, yara suna gaida kawunsu mai kwamfuta.

Na karanta sau biyu. Tun kana firamare haka kake, ka duba farkon littafi ka rufe, ka zo kana ba mu labarin ƙarshensa. A lokacin dariya muke yi.

Bari in gaya maka abin da ba ka sani ba. Bijiman ba na Dabo ba ne, na Gwaggo Maiturare ne, su ne shanun huɗar da mijinta ya bari. Ita ba ta ɗora wa kowa laifi ba. Amma tun da Kawu ya yi wannan magana a kasuwa, gida huɗu sun je sun kwance dabbobinsu daga garken Dabo. Shekara ashirin yana riƙon amana ko akuya ba ta taɓa ɓata a hannunsa ba, yau ana ce masa mai ganganci. Matarsa Shatu ta gaya mini a wurin suna cewa yana bin mutane da wayarsa yana kunna musu muryarka, yana cewa su saurara da kansu. Su kuma suna cewa ai Malam ya riga ya yi magana.

Ka ce ka gyara a kwamfuta. Madalla. To wayoyin mutane fa? Tsohon saƙon yana nan a aljihun makiyaya nawa? Rani ne, ciyawa ta ƙare, kowa na neman abin da zai ba dabba.

Ba zan gaya wa Kawu ba, ba aikina ba ne. Amma kada ka sake rubuto mini cewa ba ka cin abinci, ba kai aka yi wa asara ba.

Allah ya ba ka ƙarfin zuciya.
Yayarka, Fadila

Kano, 17 ga Maris

Allah ya gafarta Malam,

Assalamu alaikum. Kawu, ka tambaye ni daga wa na ji, na kauce wa tambayar. Amsar ita ce ban ji daga likitocin ba. Daga na'ura na ji, ita kuma shafi ɗaya ta karanta cikin goma sha huɗu. Sharaɗin rufe karan sati uku yana shafi na shida, ban karanta ba, ban faɗa ba. Dabo ya yi daidai abin da muryata ta ce masa. Lokacin da na rubuta maka cewa babu kuskure a takardar na riga na san haka, na ɓuya a bayan gaskiyar wasu.

Jiya na gaya wa abokan aikina. Mun dakatar da tura komai sai mun bi tsofaffin saƙonni ɗaya bayan ɗaya. Na ɗauki sabuwar murya na tura wa duk lambobi dubu uku da ɗari biyu, na ce kada kowa ya bi saƙon yuriya, ni Zakiyyu na yi kuskure. Sau uku na ɗauka kafin na iya faɗin sunan Dabo, na ce ba shi da laifi.

Na sa ka faɗi abin da ba haka ba a gaban mutane, kai da ba a taɓa kama ka da irin wannan ba. Ban san da wane ido zan dube ka ba. Ka yafe mini.

Ɗanka, Zakiyyu

Daura, 20 ga Maris

Zakiyyu,

Wa alaikumus salam. Na ji saƙon muryarka tun kafin takardarka ta iso, a wayar mai shayin ƙofar gida.

Shekara talatin ina koya wa ɗalibai su tambayi mai magana ko ya gani da idonsa. Kai ban tambaye ka ba sai bayan na gama ci wa mutum mutunci, don kawai kai ɗan ƙanwata ne. Wannan laifin nawa ne, ba naka ba.

A kasuwar shanu na yi maganar, a can za mu tsaya ran Lahadi da hantsi, lokacin da ta cika. Ni zan fara, kai ka biyo. Daga nan mu wuce gidan Maiturare. Ka zo da takardar, duk shafi goma sha huɗun.

Na aika wa Dabo. Ya ce zai zo. Ni kuwa ban ga fuskar tambayarsa ko ya huce ba.

Allah ya kawo ka lafiya.
Kawunka, Sha'aban