Takabar Masi Barkate

Bishkek, 6 ga Mayu

Ammi abar ƙaunata,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya. Yaya gwiwar nan taki? Yaya Abbu, yaya kuke fama da zafin Sargodha? Mu nan lafiya lau. Surukinki Tanwir yana gaishe ku, Hurain da Arham sun ce a sumbaci hannun kakarsu. Wani ɗalibi da zai taso jibi zan ba wa takardar nan, domin maganar ba ta waya ba ce. Kin san mai aikinmu Masi Barkate, da wayar ta yi ƙara sai ta tuna akwai ƙurar da ba ta share ba a falo.

Allah ya jiƙan mijinta Inayat, ya sa ya huta. Wallahi na ji mutuwar nan, mutumin da ya yi shekaru yana kai mu makaranta a keken dokinsa. Amma ga abin da muka yanke ni da Tanwir: ba za a gaya wa Masi yanzu ba.

Kada ki ajiye takardar, ki karanta har ƙarshe. An riga an binne shi, ko yau ta hau jirgi kabari za ta tarar. In kuwa ta ji, takaba za ta shiga, kuma kin san ta da riƙo. Wata huɗu da kwana goma ba fita, ba haɗa ido da namiji. Ammi, ɗaki uku gare mu a hawa na bakwai, ita a barandar da muka rufe da gilashi take kwana. Ina zan ajiye mai takaba? Tanwir ya riƙa sallama kafin ya shiga kicin ɗinsa?

Ga shi sai yanzu ƙanƙara ta narke. Tun Nuwamba muke kulle a gida muna kallon bangon juna. Daga yanzu har Satumba kowace Asabar muna hanya, kuma rabin fitar don 'yan kasuwar da ke sayen shinkafar Tanwir ake yin ta. Ba dutse suke zuwa kallo ba, biryanin Masi suke bi, shinkafar nan tata mai nama da kayan ƙamshi. Wa zai durƙusa a bakin rafi yana hura gawayi? Ni? Ke da ita kuka raine ni ban san inda ake ajiye ludayi ba, kada yanzu a ga laifina.

Tanwir ya tambayi limamin masallacinmu, ya ce wai wani abokinsa ne ke son sani. Liman ya ce daga ranar rasuwa ake lissafi, ko matar ta ji ko ba ta ji ba. To kin gani. In muka bari sai Satumba, kwanakin sun cika, babu abin da ya hau kanta. Mun ma hutar da ita zaman ɗaki.

Abin da nake roƙo, in ɗanta Shafkat ya zo neman a buga masa waya, ki ce jininta ya hau, likita ya hana a gaya mata mummunan labari. Ki ba shi tsofaffin rigunan Abbu, zai tafi.

Ki gaida Abbu da kowa.

'Yarki,
Rubab

Bishkek, 14 ga Yuni

Ammina,

Ina gaishe ki da kyau. Yaya jiki, yaya gida? Na ji Abbu ya koma cin mangwaro a ɓoye, ki ƙyale shi, ba zai ji ba. Takardarki ta iso, na karanta faɗanki layi-layi. Kin ce shekara talatin Masi ta yi a gidanki ba ki taɓa yi mata ƙarya ba. To ai ba ke kika yi ba, ni na yi, ki kwantar da hankalinki.

Mu nan muna ta fama. Arham ya daina amsa ni sai da Rashanci, in na yi masa faɗa ya ce bai gane ba. Masi kaɗai yake ji, ita da ba ta san ko sannu ba a yaren garin. Kullum sai ta je kasuwar Osh ta yi ciniki da yatsu, matan nan masu haƙoran zinariya su yi ta dariya, su kuma rage mata.

Matsala ɗaya, da ta ga takarda a hannuna sai ta tsuguna a gabana, tunda ba karatu ta iya ba.

“Bibi, tsohon nan bai ce komai a kaina ba?”

Na duba takardarki daidai inda kike zagina, na ce, “Ya ce yana nan lafiya, ki rage surutu.”

Ta kwashe da dariya har da riƙe ciki. “Ja'iri! Shi da ko barci yake bakinsa ba ya rufuwa. Rubuta masa, ki ce in na dawo zan ga wanda zai rage.”

Ga shi na rubuta, kada a ce ban cika alkawari ba.

Asabar da ta wuce muka tafi tafkin Issik-Kul, mota uku, muka kwana biyu. Ammi, ruwan nan shuɗi ne har ido ya gaji, ga duwatsu masu farar ƙanƙara a can tsallake. Masi ta zauna a baya da tukunya a cinya tun daga gida, ta yi amai sau biyu a hanya, amma da muka isa ita ta fara cire takalmi. Ranar Lahadi matan abokan tafiyarmu suka ce a yi lalle. Hurain ta kama hannun Masi ta zana mata har gwiwar hannu, na ara mata jan gyalena, muka sa ta waƙoƙin biki irin na ƙauyensu. Ta yi ta yi tana kaɗa bayan tukunya, har Rashawan da ke shanya jikinsu a yashi suka zo suna tafi.

Sai da muka dawo na sake duba takardarki na ga ashe ranar ce aka yi sadakar arba'in ɗin Inayat. Ban shirya ba, haka ta faɗo. Raina ya ɗan sosu, ba zan ɓoye miki ba. Amma ki faɗa mini gaskiya, wanne ya fi mata, wannan ko zama kan tabarma ana kuka ana korar ƙuda?

Na sa hotuna uku a ciki. Kada ki nuna wa Shafkat na jan gyalen.

Taki har kullum,
Rubab

Bishkek, 9 ga Agusta

Ammi,

Bayan gaisuwa, ina fatan ke da Abbu kuna lafiya, ruwan sama kuma ya sauka da sauƙi. Yara lafiya, sai dai Hurain ta yi baƙi da yawon rana.

Saura kaɗan asirinmu ya tonu ranar Asabar. Mun je kwazazzabon Ala-Arca da iyalin Dokta Nawid, ban san matarsa Samina ba ta daɗe da dawowa daga Sargodha ba. Muna shimfiɗa darduma sai na ga ta nufi wajen murhu, ta kama hannun Masi da hannu biyu, ta karkata kai gefe. Na san karkata kan nan. Har ta ce, “Masi, sai haƙuri,” ni kuwa na saki butar shayi a kan ƙafar Samina. Ta yi tsalle tana ihu, na ja ta bakin rafi wai in sa mata ruwan sanyi, a can na gaya mata komai.

Ta zuba mini ido. “Rubab, ba kya tsoron Allah?”

Na ce, “Ina tsoro mana. Ke wa ya dafa abin da kika share faranti biyu ɗazu? In ta shiga ɗaki ke za ki zo ki riƙa hura mana wuta?”

Ta koma kan darduma, ba ta gaya wa kowa ba. Da yamma ma na ga ta ƙulle sauran naman a leda.

Sai dai Masi ta fara shan jinin jikinta. A hanyar dawowa ta ce, “Haƙurin me matar likita take ba ni?” Na ce na hayaƙi. Tun ranar ba ta dariyar saƙonnin da nake karanta mata. Shekaranjiya tana tsefe wa Hurain kai ta ce, ba tare da ta kalle ni ba, “Bibi, a kira mini shi gidan Ammi, muryarsa kawai zan ji. Ko zagina ya yi.” Na ce kunnensa ya yi nauyi, ba ya jin waya. Ta ce bara ai yana ji. Na ce bara ba bana ba ce, ta je ta duba wake a wuta.

Yanzu maganarki. Kin ce ba kya iya barci, Shafkat yana zama a ƙofar gida yana kuka kamar ƙaramin yaro, kuma in ban faɗa ba za ki buga ki faɗa mata da bakinki. Ammi, ban taɓa ɗaga miki murya ba, kuma ba zan fara ba. Amma in Masi ta zauna takaba, ni zan tashi, kuma mace mai girki da wanki da yara biyu ba ta da ƙarfin tafiya Sargodha hutun Disamba. Shekara biyu ke nan ba ki ga Arham ba. Ki yi tunani. Saura wata ɗaya kacal, kuma har yanzu ba mu je Son-Kul ba, inda ake kwana a bukkokin makiyaya, Tanwir ya riga ya yi wa mutane alkawari.

Ki sha maganinki a kan lokaci.

'Yarki mai ƙaunarki,
Rubab

Bishkek, 15 ga Satumba

Ammi abar ƙaunata,

Gaisuwa da fatan alheri. Yaya ƙarfin jiki? Ban ji daga gare ki ba tun waccan takardar, ina fatan lafiya ce, ba fushi ba. Na gode da kika yi shiru.

To, an faɗa mata, hankalinki ya kwanta. Mun dawo daga Son-Kul ranar Lahadi, sanyi ya fara, fita ta ƙare. Ranar Litinin da hantsi na bari ta gama wanke tukwanen tafiya ta kife su, sannan na kira ta falo. Har kujera na ce ta zauna, ta ƙi, ta tsuguna inda ta saba. Na yi mata bayani a hankali yadda ya kamata, na ce Inayat ya riga mu gidan gaskiya, bai sha wuya ba.

Na zaci za ta yi ihu, har na rufe tagogi saboda maƙwabta. Ba ta yi ba. Ta ce, “Yaushe?”

Na ce ƙarshen Afrilu.

Ta dubi tafin hannunta. “Duk gaisuwar da yake aiko mini fa?”

Na ce don kada hankalinta ya tashi ne.

“Ranar da kika yafa mini jan gyale, kika sa ni waƙa a gaban mutane tsirara?”

Kin san ni ba na iya ƙarya ido da ido. Na ce ranar arba'in ce, amma ban sani ba sai daga baya. Na yi sauri na ƙara mata da albishir, na ce liman ya tabbatar kwanakin takaba sun cika tun makon jiya, babu abin da ya rage a kanta, ta gode wa Allah.

Ta ɗago ta dube ni, irin duban da take yi mini ina ƙarama in na yi ɓarna. Ta ce, “Ni na goya ki, Bibi. Da bayan nan.” Daga nan ta tashi ta shiga kicin, na ji tana fasa awarwaronta na gilashi da taɓaryar turmin yaji, ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda matan ƙauye suke yi in miji ya mutu. Ta share gutsattsarin da kanta, ta shiga baranda ta ja labule. Ta ce daga yau ta fara takaba. Na sake maimaita mata maganar liman ta bayan labulen, ta ce, “Ba liman ne ya ci tuwo kwano ɗaya da shi tun yana saurayi ba.”

Yau kwana huɗu ke nan. Ba ta girki, ba ta shara, ba ta taɓa abincin da Tanwir ke sayo mana a waje, sai busasshiyar gurasa da ruwa. Arham yana kwanciya a bakin labulen ya ƙi zuwa makaranta. Hurain kuwa, 'yar da na haifa, ta daina yi mini magana. Jiya na ce ta miƙo mini gishiri, ta ce, “In babana ya mutu ni ma ba zan gaya miki ba.” Na mare ta, kuma ban yi nadama ba. Na yi kuka sosai, Ammi. Duk wahalar da na sha ina ɓoye maganar nan ni kaɗai, babu wanda ya ce mini sannu.

Tanwir ya ce ba zai ciyar da mai zaman baranda har Janairu ba, ya yankar mata tikitin Juma'a. Da ta ji ta aiko Hurain da roƙo, wai mai takaba ba ta tafiya, a bar ta ta ƙarasa a nan ko a ƙarƙashin matakala ne, kada a ƙwace mata ta biyun ma. Na ce a gaya mata ta farkon ce ta gaskiya, kuma ta wuce. Za ta hau jirgi da ɗalibai, a tsakiyar maza, babu yadda za a yi. Ki sa Shafkat ya tare ta a Lahore.

Ki gaida Abbu. Maganar Disamba tana nan in Allah ya yarda, in an samu mai riƙe mana gida. Ki sa mu a addu'a.

'Yarki,
Rubab

Af, na kusa mantawa. Ki fara cigiyar wata tun yanzu, mai tsabta, wadda ta iya biryani, ba ta amai a mota. Kuma don Allah, Ammi, a wannan karon ki nemo wadda mijinta ya riga ya mutu.