Kwalaben da Kike Aiko wa Baba

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya ke da maigidan da yara. Allah ya ƙara lafiya, ya raba mu da ciwon da ba a gane kansa ba. Nan gida Inna lafiya lau, Auta ta fara koyarwa, ni kuma ina nan da littattafaina da tumbin da kike yi wa dariya.

Maganar Baba ce ta sa na ɗauki alƙalami. Mutumin da ya tsufa a kan keken ɗinki, yanzu ya ce ƙafarsa ba ta jin feda, kamar auduga yake takawa. Likita ta auna wani abu a jininsa wai shi homosistin. Ta ce a jikin mai lafiya bai cika wuce sha biyar ba, na Baba kuwa ya haura sittin. Na yi ta gyara tabarau ina gyaɗa kai kamar na taɓa jin sunan, har ta bayyana cewa bitamin B12 da B6 da folik asid ne ke sauke shi, kuma cikin Baba ya daina tsotsar B12 daga abinci, sai dai allura.

Da ta tambayi abin da yake sha, na nuna mata kwalaben folik asid da kike aikowa tun ranar da kika ga ya yi fari a hoto. Ta ce su ne suka rufe ƙarancin jinin da rashin B12 ya jawo, kumatu suka dawo, muka yi ta hamdala, alhali jijiyoyi na lalacewa a ɓoye. Rufi ya yi kyau, gara na cin azara. Ba laifi nake ɗora miki ba, Yaya, duk gidan nan mun yabi kwalaben.

An fara allurar. Likita ta ce lambar za ta sauko, amma batun ƙafa da mantuwar da ta fara kama shi ba ta yi alkawari ba. Jiya na same shi a shago riƙe da almakashi, yana tambayar Auta ko ɗinki ta kawo. Sunanki kuwa har yanzu daidai yake kiransa. Don haka kada ki sake aiko kwalba. Gani ya kori ji. Ki taho da kanki tun yana gane mai sallama.

Ki gaishe min da maigida, da Tagwaye, da takwarar Inna. Inna da Auta suna gaishe ki.

Naki ƙaninki,
Mai Tabarau